Cokali na Shida

"Guda ɗaya fa na ce, Baba. Ɗakin da za ka zauna, ƙugiyar fanka ɗaya gare shi a silin."

"Na ji ki."

"Ka ji ni, amma ga shi tun ɗazu kana shafa wannan, kana shafa waccan."

"Ba zaɓe nake yi ba. Sallama muke yi."

Auta ta yi dariya ba don ta so ba. Tana tsaye a bakin rumfar da ke bayan gidan mahaifinta, da igiyar ɗaure kaya a hannu. Shi kuma yana zaune a benci, ƙafar hagu a miƙe, sanda a jingine da gwiwa. A saman kansa fankoki talatin da bakwai ne a rataye jikin katako, wasu farare, wasu ruwan ƙasa, wasu tsatsa ta ci gefen fukafukansu.

Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin wuta a makarantar koyon sana'a. In fanka ta tsaya, akan sauke ta a jefa a sito har 'yan gwangwan su zo. Shi kuwa zuciyarsa ba ta iya ganin haka. Ta farko daga ɗakin cin abincin ɗalibai ya roƙo ta, ya ɗauro a bayan keke, ya yi mako uku yana sake naɗa mata koyil. Ranar da ta juya, ya kira matarsa ta zo ta gani. Ta duba, ta ce, "To, Injiniya, sai mu rataye ta a hanci?" Daga nan sunan ya bi shi, ko da yake bai taɓa zama injiniya ba. Daga nan kuma fankoki suka yi ta shigowa gidan.

Kowace da sunan da ya raɗa mata. Akwai Ta Asibiti, wadda ba ta da hayaniya. Akwai Alƙali, mai nauyi, wadda sai ta yi tunani kafin ta fara juyawa. Akwai Mai Dogon Wuya, akwai Gurguwa da ya tsinto da fiffike biyu ya ƙera mata na uku. Abin da ya sa aka san shi a unguwa kuwa kunnensa ne. Sai a juya masa baya a kunna fanka, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Tsohuwar ƙira ce, mai fiffike uku. An taɓa naɗa mata koyil, kuma wanda ya naɗa sauri yake yi." A buɗe a tarar haka ne. Yakan ce ido yana ruɗuwa da fenti, amma fanka ba ta iya ɓoye muryarta.

Wata huɗu da suka wuce ya faɗo daga tsani, ƙashin ƙugu ya tsage. Likita ya ce shi da tsani har abada. Auta da mijinta suka ce shi da zama shi kaɗai ma haka. Aka shirya zai koma gidansu, fankokin kuma makarantar ta yarda ta karɓa, ɗalibai su riƙa koyo da su. Ranar Asabar mota za ta zo.

"To wacce?" in ji Auta. "Alƙali?"

"Ba ta cikin nan. Ta ɗaki nake so."

Auta ta sauke igiyar. "Mai Tsegumi? Baba, duk waɗannan masu kyau?"

"Ita."

Ta gyaɗa kai, don ta san dalili.

Mai Tsegumi ba ta cikin lissafin talatin da bakwai ɗin. Fanka ce irin ta kowa, ya saye ta sabuwa shekarar da aka haifi Auta, ya rataya a ɗakinsu da hannunsa. Ta yi shekara biyar lafiya, sai ta fara ɗan lilo. Matarsa ta yi magana, ya ce gobe. Bayan 'yan kwanaki lilon bai tafi ba, sai ga wata ƙara ta ƙaru a kai: ƙyas, ƙyas, ƙyas, a hankali, kamar mai taɓa ƙofa yana jin kunya. Ya saurara sau ɗaya ya yanke hukunci cewa zoben ƙarfen da fankar ke juyawa a kai ne ya lalace. "Boris ne."

"Boris ne?" in ji ta.

"Ni za ki gaya wa?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Haka suka yi shekara ashirin da 'yan kai. Ya gyara fankar maƙwabta, ya gyara ta masu shaguna, ya tashi matattu talatin da bakwai a rumfa, ta ɗakinsa kuwa kullum gobe. In sun kishingiɗa da rana bayan cin abinci, sai ta ce, "Injiniya, har yanzu kunnen naka bai gaya maka komai ba?" Ya ce boris ne. Ta yi dariyar nan tata har kafaɗarta tana rawa. Bai taɓa gane abin dariyar ba, bai kuma taɓa damuwa ya gane ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Tufafinta an rabar, tukwanenta suna wurin Auta. Abin da ya rage masa wanda yake motsi, yake magana, shi ne ƙarar nan. In ya kunna fankar a lamba biyu ya rufe ido, tsakanin ƙyas da ƙyas yakan ji kamar yanzu za ta jefo tambayarta.

Ranar Laraba aka kwashe shi. Mijin Auta, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce, "Baba, kai dai ka huta. Fankarka ni zan kula da ita." Ya ɗauko wani mai gyara daga bakin titinsu, suka je suka sauko da ita. Baba ya yi kwana biyu a falo yana jira, ana ce masa ana ɗan shirya ɗakin ne.

Ranar Juma'a da hantsi surukin ya riƙo hannunsa ya kai shi ƙofa, fuskarsa cike da murna. Ɗakin fes, gado a gyare, labule sabo. A sama ga Mai Tsegumi, an wanke ta, an daidaita fukafukanta, har wani ƙyalli take yi.

"Kunna da kanka, Baba."

Ya murɗa zuwa lamba biyu. Fankar ta ɗauka sumul. Iska ta sauko masa a ka. Ya karkata kunne, ya jira. Ya mayar lamba ɗaya, ya kai uku, ya dawo biyu. Babu komai sai iska.

"Ka ji ko?" in ji surukin. "Ko motsi ba ta yi. Na ce masa surukina gwanin fanka ne, kada ya ba ni kunya."

Auta ta shigo da kofin ruwa, ta tsaya cak. Ta dubi sama, ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta. "Wayyo, Malam. Me ka yi?"

"Me na yi? Gyara na sa aka yi."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba. "An yi aiki mai kyau."

Ya zauna a bakin gado. Yana jin su a tsakar gida, Auta tana magana ƙasa-ƙasa, mijin yana cewa, "Ai ba wanda ya gaya mini. Wallahi ba wanda ya gaya mini." Gaskiyarsa ne. Baba bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta yaya mutum mai furfura zai buɗe baki ya ce ƙarar lalacewa yake so a bar masa?

Ya daɗe a zaune, sannan wata dabara ta zo masa. Tsohon boris ɗin. In ba a yar ba, ana iya mayar da shi. Ya ɗauki sanda ya fita ba tare da ya yi wa kowa magana ba.

Shagon mai gyaran ɗan ƙarami ne, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Mutum ne mai ƙiba, da tabarau ɗaure da zare, yana goge giris a hannu da tsumma. Baba ya yi sallama ya gabatar da kansa.

"A'a! Kai ne mai kunnen? Zauna, Baba, zauna. Yaya ka ga aikin?"

"Aiki ya yi. Tsohon boris ɗin na zo karɓa."

"Wane boris?"

"Wanda ka cire."

"Ban cire boris ba. Lafiyarsu ƙalau, giris kawai na ƙara musu. Ai irin waɗannan sai su binne ni da kai."

Baba ya gyara zama. "Ɗana, shekara ashirin ina jin ƙarar nan. Boris ne."

"Baba, da girmanka, ba boris ba ne." Ya jawo jakar kayan aikinsa yana lalube yana dariya. "Lilon, noti ne ya saki a sama, na ɗaure. Ƙarar kuwa, ga mai laifin. Da na sassauta kofin nan da ke rufe ƙugiya, sai ga shi ya faɗo mini a goshi. Na ce yau na ga fanka mai shan shayi."

Ya ajiye wani ƙaramin cokali a tafin hannun Baba.

Cokalin shayi ne, ya dushe, da zanen ganye a jikin mariƙinsa. Ƙarshen mariƙin ya ɗan murɗe. Baba ya san murɗewar nan. Duk abin da ke da sukuru a gidan, hannun tukunya ne ko bayan rediyo, da gindin cokali matarsa take kwance shi, shi kuma yana faɗa, yana cewa ga sukundireba guda goma a gida. Cokulan shida ne, 'yar'uwarta ta ba ta. Wata rana suka koma biyar. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Bai ɓata ba. Yana inda yake."

Yanzu ya ga abin kamar a gabansa aka yi. Ta gaji da gobe. Ya tafi aiki, ta jawo tebur ta ɗora kujera ta hau, ta kwance kofin don ta ga abin da ke sa lilo. Wataƙila ta ji ƙarar kekensa a ƙofa, ta san ba ya son a taɓa masa aiki. Ta jefa cokalin ciki, ta tura kofin sama, ta murɗa da yatsa, ta sauko. Da yamma ya karkata kai ya ce boris ne. Shekara ashirin tana jira ya hau ya gani, su yi dariyar tare.

"Baba, lafiya?" in ji mai gyaran. Dariyarsa ta tsaya.

"Lafiya. Ƙurar shagonka ce."

Da ya koma gida ya tarar suna nemansa. Ya buɗe hannu ya nuna wa Auta. Ta kalla, ta dafe ƙirji. "Na Inna ne. Biyar ɗin suna cikin kwabata." Ya ba su labari a taƙaice. Auta ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta zauna a dandamali ta rufe fuska.

Surukin ya miƙe. Ya je maƙwabta ya aro tsani, ya kashe wuta, ya karɓi cokalin ya hau. "Baba, kai ka ce mini yadda zan sa shi."

Ya sa, ya sauko, aka kunna. Shiru, don fankar ba ta lilo yanzu. Baba ya ce ya ɗan sassauta notin. Aka kunna: kwar-kwar-kwar, kamar ana jan gwangwani. Ya juya cokalin kai ƙasa: tak-tak, da sauri, babu kunya a ciki. Ya kwantar da shi a gefe, ya jingina shi da sandar fankar, ya gwada ta kowace fuska. Gumi ya jiƙa masa riga. Duk sanda aka kunna sai ya leƙo fuskar Baba, Baba kuma ya saurara har ƙarshe, don yaron ya cancanci a saurara masa, sannan ya girgiza kai.

A karo na bakwai Baba ya ce, "Ɗaure notin da kyau ka sauko, ɗana."

"Bari in ƙara sau ɗaya, Baba."

"Sauko. Ba kai ka kasa ba. Hannun da ya ajiye shi ne babu."

Surukin ya sauko a hankali, ya miƙa masa cokalin da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ɗan jima bai ɗauke ba. Fankar tana ta juyawa a sama, tana ba da iska mai kyau, irin wadda duk mai gyara zai yi alfahari da ita.

"Kawo in wanke in haɗa da 'yan'uwansa," in ji Auta tana share ido.

"Bar shi. Ya saba zama shi kaɗai."

Ya zura shi a aljihun gaba, kusa da ƙaramin sukundireban da ba ya rabuwa da shi. Ya tambayi ƙarfe nawa, aka ce uku ta wuce. Gobe mota za ta zo tsohon gidansa ɗaukar fankokin, kuma bai rubuta wa ko ɗaya sunanta ba. In bai ɗaura wa kowace takarda ba, ɗaliban nan za su ga Alƙali ta yi jinkirin tashi su ce ta mutu.

"Baba, ka bari Malam ya kai ka mana."

"Ya gaji. Ba ni biro da zare."

Ta kawo masa. Ya gyara hula, ya dogara sanda, ya bi ta gefen katanga zuwa bakin titi. Duk takun da ya yi da ƙafar hagu, cokalin yakan taɓa sukundireban a aljihu. Ba ƙarar ba ce, ko kusa. Amma bai raba su ba.