Haƙori Ɗaya Tsakanin Jidda da Ɗa'if

Bari in tona wa kaina asiri kafin Kawu Isiyaku ya riga ni. Shekarata goma sha shida, amma da aka miƙo mini ƙarfe mai haƙora goma, sha ɗaya na ƙirga.

Kawu yana da wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da silinda takwas, ja wur kamar attaruhu. Tun da aka rushe unguwarmu Karantina a nan Jidda muka koma Madain Fahd take zaune a harabar gidan kakata, Hajiya Kaka, yana ta gyaranta. In ya tayar da ita, tattabarun unguwa sai sun kwana biyu ba su dawo ba. Abin da ya rage shi ne difrans, tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. A cikinta akwai babban faifai mai haƙora, da ƙarami mai juya shi. In ka raba haƙoran babban da na ƙaramin, ka san halin motarka. Lamba babba, mota ta zabura kamar an tsikare ta, amma inji ya yi ta ihu a doguwar hanya. Lamba ƙarama, ta tashi da nauyin jiki, amma ta yi tafiya shiru.

Kawu 3.73 yake so. Ya samo wasu a tashlih, maƙabartar motoci, ba rubutu a jikinsu, ga tabaraunsa ya fashe. Ya ba ni alli ya ce in ƙirga. Babban arba'in da ɗaya, daidai. Ƙaramin kuwa, na yi wa haƙori ɗaya alama, na zagayo, na sake ƙirga shi. Sai bayan an ɗaura an rufe na ga hoton da na ɗauka don yi wa abokaina kuri. Goma ne. Wato 4.10. Na share hoton, na ja bakina.

A makon nan Hajiya Kaka ta yanke hukunci. Ta ce wa Kawu, "Auta, shekara uku ba ni da wajen shanya. Ko abin nan ya kai ni Ɗa'if wajen ƙanwata Rabi ya dawo da ni lafiya, ko ka kira masu tashlih su kwashe. Halas, magana ta ƙare."

Alhamis, Madain Fahd, ƙarfe biyar da arba'in

Muna idar da Asuba muka fito, gari bai waye ba. Hajiya Kaka ta shiga gaba da carbinta da filonta. Ni aka naɗe ni a baya kamar tabarma, gwiwata a haɓata, ƙullin kuka da daddawa da yaji a cinyata, tsarabar Hajiya Rabi. Kawu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Fitilu uku suka kunnu a gidan maƙwabta.

"Maigida, kana nan da rai?" Haka take kirana in tana son tsokana.

Na ce, "Amarya, ki riƙe ɗankwalinki."

A danjar farko Kawu ya ɗan taɓa totur. Wallahi sai da na ga ƙeyata da idona. Kawu ya washe baki, ni kuwa na san dalilin wannan zafin nama.

Bahra, ƙarfe shida da ashirin

Da muka hau babban titin Makka sai waƙa ta canja. Injin ya ɗauki wani kuka mai tsawo kamar injin markaɗe goma a ɗaki ɗaya. Bakin Hajiya Kaka yana motsi, ba wanda ya san ko tasbihi take ko faɗa. Kawu ya dubi agogon inji, ya sake duba, ya ɗaga murya.

"Nasiru! Duba wayarka, gudun nawa muke?"

"Ɗari, Kawu!"

Allura tana kan dubu uku da ɗari uku. A lissafinsa, dubu uku ya kamata ta tsaya. Ya dube ni ta madubi. Na maida hankali kan daddawa.

Kilomita arba'in ɗin nan sun yi mini kamar zuwa Sudan. A Bahra muka tsaya, muka sayi wake da tamis, gurasar nan mai faɗin faranti, da shayi uku, duka riyal goma sha biyar. Kawu ya bari sai da na kai loma baki.

"Haƙora nawa ka ce?"

"Sha ɗaya, Kawu."

"Nasiru."

"Har da wanda na maimaita."

Ya ajiye gurasarsa. Hajiya Kaka ta nemi bayani, aka yi mata. Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce, "Ni da ban da haƙori ko ɗaya na kaina, na fi ka sanin lissafinsu. Kaico, na yi asarar miji."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, mu koma in gyara, wani makon sai mu tafi. A haka injin zai yi zafi."

"In mun juya, daga nan tashlih ta nufa. Na riga na gaya wa Rabi ta yanka kaza. Yalla, mu tafi."

Shumaisi zuwa gindin dutse

Kawu ya yanke cewa ba za mu wuce tamanin ba, kuma ya kashe na'urar sanyi don ya rage wa injin wahala. Ka yi tunanin motar da aka haifa don tsere tana rakuɓe a gefen hanya, manyan motocin siminti suna wuce ta. Wani mai akori-kura da tumaki a baya ya wuce mu, har tumakin suka juyo suna kallonmu da tausayi.

A shingen Shumaisi, ƙarfe bakwai da kwata, askari ya karɓi iƙamarmu, katin izinin zama, ya duba. Ya zagaya motar, ya leƙo ya ga tsohuwa da carbi. Ya ce, "Masha Allah, ya Hajja, tsere za a je?"

Ta ce, "Me ya ce? Ka ce masa kunnena ya tsaya a Bahra."

Muka bi hanyar zobe muka zagaye Makka, tana ta addu'a ta taga. Bayan Arfa allurar zafi ta fara rarrafe sama, kuma na rantse ina ganin allurar banzin, wato fetur, tana sauka kamar ana zuƙe shi da tsinke. A Kara, gindin dutsen Hada, muka tsaya gidan mai, muka cika tanki, muka ba injin minti ashirin ya huce. Kawu ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon dutsen. Na matso na ce ya yi haƙuri.

Ya ce, "Ka san dare nawa na kwanta a ƙarƙashin motar nan? Je ka goge gilashi."

Na goge shi har sau uku.

Hawan Hada, ƙarfe tara

Nan ne laifina ya zama abin alfahari na rabin awa. Hanyar Hada kwana ce bisa kwana, tana nannaɗe dutse kamar rawani. Motocin da suka wuce mu ɗazu suna ta nishi, tamu kuwa ta tuna ko ita wace ce. Kawu ya taɓa, ta yi tsalle. Ya sake taɓawa, muka bar mai tumaki a baya.

Sai na ji wata murya daga gaba: "Taka, Auta! Taka mata!"

Hajiya Kaka ce, ɗankwali ya zame, carbi a sama. Kawu ya ce, "Inna, akwai kyamara." Ta ce su ɗauka da kyau, ta yi kwalliya.

Can sama muka tsaya don ta ga kwari. Iska mai sanyi, ga birai jere a kan katanga kamar masu jiran biza. Ina buɗe baki in yi musu sallama, wani ƙato ya zuro hannu ta taga ya fizge ƙullin daddawa. Ya kwance, ya shinshina, ya dube ni kamar na zagi ubansa, ya wurgar da ita cikin kwari.

Ɗa'if, ƙarfe goma da rabi

Kilomita ɗari da tamanin, kusan awa biyar. Hajiya Rabi ta tarbe mu da salig, shinkafar da ake dafawa da madara har ta yi laushi, ga kaza a kai, ga rumman. Na ci har na manta ni mai laifi ne. Sai Hajiya Rabi ta tambayi yayarta hanya, sau uku tana maimaitawa kafin ta ji.

Hajiya Kaka ta ce, "Dutse dai motar ta hau shi. Amma ba zan koma cikin wannan ihun ba. Gara in bi motar haya, motar Auta kuma ta san inda za ta."

Bayan Azahar muka nufi tashlih na bayan gari, har da Hajiya Kaka, ta ce tana so ta ga gidan da motar za ta tare. Muka samu wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Haruna, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Ya saurari labarin, ya dube ni ya girgiza kai, ya shiga ciki ya fito da faifai biyu ya shimfiɗa a kan kwali.

Ya ce, "Bon. Wannan 3.73, wanda kake nema tun farko. Tashi akwai, amma a ɗari inji yana dubu uku, zai riƙa yi muku waƙa. Wannan 3.08. A ɗari dubu biyu da rabi, ko tari aka yi a baya za ka ji. Amma a danja, kada ka yi wa kowa kallon raini. Babu wanda zai ba ka duka biyun, sai ka sayi wata giya, ita kuma ba ni da ita."

Na ce, "Kawu, mu bar 4.10 ɗin mana, mu saya wa Kaka audugar kunne."

Mutum uku suka ce in yi shiru a lokaci ɗaya.

Kawu ya tsuguna ya ɗauki 3.73 yana shafa haƙoransa. Na san abin da yake gani: yammacin Juma'a a bakin teku, abokansa a jere, shi ya taka ya bar su da hayaƙi. Shekara uku yana ba mu wannan labari. Ya ɗago ya ce, "Inna, wannan ma fa da sauƙi. Ba kamar na ɗazu ba."

Ta ce, "Motarka ce, Auta. Haraba kuma tawa ce." Tana faɗa tana murza kunnenta da ɗan yatsa.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ajiye, ya tura ɗayan gaban Malam Haruna. Kafin a ɗauka Hajiya Kaka ta ce a dakata. Ta sa yatsa a kan haƙori ɗaya, ta ja sauran ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Talatin da bakwai. Ƙaramin sha biyu. Ta dube ni ta ce, "Ka ga, in an zo kan wanda aka fara, tsayawa ake yi."

Kawu da Malam Haruna suka kwance difrans ɗin daga La'asar zuwa Magariba, suka ƙarasa bayan sallar Juma'a. Malam Haruna ya shafa wa haƙoran jan fenti ya juya, ya duba inda suke cizon juna, ya sake kwancewa, har sau huɗu. Aikina riƙe fitila, da sharaɗin kada in ƙirga komai.

Asabar, komawa gida

Ƙarfe bakwai muka bar Ɗa'if da kwali biyu na rumman da kwalbar ruwan wardi. Kawu ya sauko Hada a giya ta biyu, a hankali. Muna kaiwa shimfiɗaɗɗiyar hanya ya kai ɗari, na'urar sanyi a kunne, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ba mu kai Arfa ba Hajiya Kaka ta yi barci, har da minshari, kuma duk mun ji shi. Shinge ma bai tashe ta ba.

A danjar ƙarshe kafin gida, wani yaro mai kai saƙon abinci a ƙaramar mota ya tsaya gefenmu. Aka ba da hannu, ya riga mu tashi. Kawu ya yi kamar yana gyara madubi.

Tara da rabi muka shiga haraba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Hajiya Rabi da kazarta, da Malam Haruna da haƙurinsa. Hajiya Kaka ta farka, ta tambaya ko mun iso Bahra. Da aka ce mata gida ne, ta fito ta miƙe, ta sa aka ɗaura mata igiyar shanya a saman bene. Motar tana nan a harabar. Ranar Alhamis mai zuwa za ta kai ta Madina, kuma ni ne a baya da kaya.