Yadda Na Yi Jinyar Ido da Rediyon Asibiti a Kunnena

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba, har wasu suka ɗauka na koma gida Katsina. Ina nan Alƙahira. Ido ne ya kwantar da ni, yau dai na samu ƙarfin ba ku labari.

Abin ya fara ne ina karatu a ɗakinmu na unguwar Darrasa. Sai in riƙa ganin baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a kan shafi kamar ƙudaje, wani lokacin kuma haske ya gilma ta gefen idon dama. Na ce gajiya ce, jarrabawa ta matso. Na sayi maganin ɗigawa a kyamis, na ci gaba da harkata.

Wata Juma'a ina fitowa daga masallaci, rabin titin ya ɓace min, kamar an ja baƙin labule.

Malam Sani, abokin zamana, shi ya kai ni asibiti. Aka ɗiga min maganin buɗe ƙwayar ido, aka haska, aka yi hoto. Likita ya ce siririyar fatar da ke can bayan ido, wadda suke kira shabakiyya, ta ɗaye a idon dama, ta hagun ma ta fara tsagewa. Na tambaye shi ko zai jira in gama jarrabawa, don in na faɗi za a iya yanke min tallafin karatu.

Ya ce, "Jarrabawa ana maimaita ta. Wannan idon in ka jira, khalas, ya tafi ke nan."

Na ji tsoro sosai. Kuɗin aikin ma ya fi ƙarfina, ɗalibai 'yan uwa ne suka haɗa. Da na kira Innarmu, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in bi abin da likita ya ce, addu'a kuma in bar mata.

Bayan aiki aka ce sai na kwanta ruf da ciki, fuska ƙasa, saboda iskar da suka sa a cikin idon ta danne wurin. Ba karatu, ba kallon waya. Lokacin kuma ana dokar hana fita a gari, masu dubiya ba sa jimawa. Wuya ya yi tsami, zuciya ta yi nauyi. Mutane ma da takalmansu nake gane su.

Wata nas ce ta maƙala min wani ɗan abin sauraro da ke rataye a jikin gado. Ashe asibitin yana da rediyonsa, a wani ƙaramin ɗaki kusa da wurin wanki. Masu sa kai ke gudanar da shi, ɗaliban likitanci da tsofaffin da suka yi ritaya, babu mai karɓar ko sisi. Da safe karatun Alƙur'ani, da rana gaishe-gaishen marasa lafiya, sai labarin ƙwallo.

Ran nan bayan la'asar ina saurare da rabin hankali, sai muryar wata dattijuwa ta bar Larabci ta ce, "Ɗana na ɗakin masu ido, sannu da jiki. Allah Ya ba ka lafiya."

Da Hausa. Na yi hawaye, har nas ta yi min faɗa kada in jiƙa bandeji.

Da aka rufe shirin ta zo da kanta. Sunanta Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka tsaya can a hanyar Makka. A unguwar Hadayek el-Maadi take zaune, kuma a asibitin nan ta yi jinyar mijinta kafin ya rasu, shi ya sa take zuwa taimakawa. Ta tambayi abin da zan so a sa min. Na ce mata ni dai damuwata littafin nahawun da ban gama ba.

Washegari wani tsohon malamin makaranta cikin masu sa kan ya fara karanta min babi-babi a rediyo, 'yan mintuna kullum.

Maƙwabcin gadona, Ammu Sayyid, direban tasi ne. Ranar farko ya yi ta mita, wai wane azzalumi ne ya roƙi nahawu a asibiti, ciwon da muke ciki bai isa ba? Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, ni ne. Kafin mako ya fita shi ke yi min tambayoyi, in na kuskure ya buga ƙarfen gado, ɗakin duka a kwashe da dariya.

Ranar da likita ya ce in ɗaga kai, dishi-dishi nake gani kamar ta cikin ruwa. A hankali ya washe. Hajja Amna da nake zaton doguwa ce saboda muryarta, ashe 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai tabarau.

Yanzu idon dama bai koma kamar da ba, layuka suna ɗan karkacewa, amma ina karatu, alhamdulillahi. Jarrabawar na yi ta a zagaye na biyu, na kuma ci. Duk Alhamis ina zuwa rediyon in gaida marasa lafiya da Hausa, ko da ban san akwai mai jin ta ba a ranar.

Na gode wa Allah. Na gode wa Innarmu, da Malam Sani da ya sha ɗawainiya, da duk wanda ya taimaka, da likitoci, da Hajja da abokan aikinta.

Shawarata: in ka ga ɗige-ɗige sun ƙaru farat ɗaya, ko walƙiya, ko duhu ta gefe, ka je wurin likitan ido a ranar. Kada ka tsaya maganin kyamis kamar yadda na yi. In kuma ka je dubiya, kada ka ajiye lemo ka tashi. Zauna ka yi masa hira da harshensa.

'Yan uwa na Alƙahira, rediyon na neman masu Fulatanci da Kanuri. Akwai wani dattijo a ɗakin masu ƙoda da har yanzu ba a gaishe shi da harshensa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.