Tutar Daular Baba

Gonarmu ta riɗi tana bayan garin Basunda, a yankin Gadarif. Da damina ta zauna, baƙar laka kan riƙe ƙafar lori, ba mai shiga ba mai fita sai ruwa ya ɗauke. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ɗana, muka rasa motar da za ta kai shi asibiti, Allah ne kawai ya tashe shi. Ran da ya fara cin abinci, Baba ya zauna gindin aduwar da ke bakin gona ya ce, "Hukumar da laka ta fi ƙarfinta ba tamu ba ce. Daga yau gonar nan daula ce, ni ne ra'is, shugaban ƙasa."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Washegari ya fara naɗi. Maƙwabcinmu mai tarakta ya zama wazirin tsaro. Mijina ya samu wazirin ruwa, tunda shi ke da jaki da ganga. Ƙanwata, autarmu, ta zama wazirar harkokin waje, wai don ta taɓa zuwa Gallabat, bakin iyaka, ta iya gaisuwar Habasha. Koren tob ɗinta, mayafinta na sallah, aka ɗaure a doguwar gora, ya zama tuta.

Ni ina bakin murhu ina yin kisra, wainarmu ta dawa, kunnena na waje. Na ce a raina babba ake bari ƙarshe. Aka sha jabana, gahawarmu, aka watse, ba a kira sunana ba.

Shekaru daular ta yi. Duk kaka ni ke ciyar da masu yankan riɗi, hayaƙi ya cinye mini ido, amma in baƙo ya zo Baba sai ya ce, "Auta, zo ki karɓi jakada." Ta fito tana taku ɗai-ɗai. In ta wuce ta gabana ta ce, "Yaya, a ƙara sukari, gwamnati ta gaji." Nakan ƙara. Ba na son in faɗi abin da nake ji in iska ta kaɗa tob ɗin nan.

To a ƙasar nan koriyar tuta a daji, gindin itace, wurin waliyyi take nunawa. Mu mun saba da tamu har mun manta. Wata kaka aka kawo sababbin leburori daga nesa, suka gan ta, suka tuɓe takalma suka yi fatiha. Magana ta bi lori har Showak. Mata suka fara zuwa, su ɗebi ƙasar gindin gorar, su yagi bakin tob su ɗaura wa yara a hannu. Auta har da tafi. "Yaya, tob ɗina ya yi karama! Naki fa?"

Wata safiya Baba ya tarar da mace durƙushe gaban gorar tana kuka, tana roƙon haihuwa. Ya ce, "Ya binti, baiwar Allah, tashi, ba kowa a nan, tob ɗin 'yata ne." Da hannunsa ya tumɓuke gorar, yana istigfari. Ya ce halas, shi ke nan, daula ta rushe, ba zai je gaban Allah da wannan ba.

Ba zan ɓoye ba, ranar kisrata ta yi kyau.

Ran kasuwa ya shiga Gadarif ya dawo wa Auta da sabon tob, mai ruwan zuma, diyyar wanda aka yage. Ta yafa ta juya a gabana. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, ni mece ce a daular nan taka?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Uwata, kina so ne? Ai da kin yi magana. Me kike so, in ba ki?"

"Ba ta rushe ba?"

"Ta rushe," ya ce. Ya sosa gemu. Sai ya miƙo mini kofi. "Da sauran jabana?"