Zaren Inna Mai Citta

Kafin a buɗe ƙofar asibitin unguwa, Inna Mai Citta ta riga ta kankare citta, ta daka, ta tace ruwan, ta zuba a kwalabe. Shekara talatin tana jinyar masu amosanin gaɓoɓi, wannan makon kuma take ajiye aiki.

Ba ta taɓa cewa citta na warkarwa ba. "Kumburi take lallashi," in ji ta. Ba ta ba kowa ko cokali ɗaya sai ya zazzage ledar magungunansa likita ya gani, don akwai masu shan maganin tsinka jini da ba a haɗa musu.

Amma abin kallo zarenta ne. Ba ta yarda da "da sauƙi" ba, don mutanenmu ko a kafaɗa aka kawo su haka za su ce. Takan zagaye gaɓar da ta kumbura da zare, ta yanke, ta liƙa a katin mutum, mako mai zuwa a sake.

Bara wani tsohon tela ya zo, yatsunsa sun kumbura har almakashi ya gagare shi. 'Ya'yansa sun yanke shawara: ƙarshen wata za a fitar da keken ɗinkin, ya zauna gida.

"Baba, ya hannu?" in ji Inna.

"Da sauƙi."

"Sauƙin ne ya sa matarka ke saka maka maɓalli? Miƙo."

"Kin girme ni fa, kina ce min Baba."

"Na girme ka, amma ni nake ɗaura ɗankwalina."

Ta ɗora shi kan maganin likita, da cokalin citta safe da yamma, da motsa yatsu cikin ruwan ɗumi. Bayan mako huɗu ta sa aka kira babbar 'yarsa, ta jera mata zare huɗu a tebur, kowanne bai kai wanda ya gabace shi tsawo ba. 'Yar ta duba, ta sake dubawa. Inna ta zagaye yatsan da na biyar, ta miƙa wa tela almakashi.

Ya yanke da kansa. Masu jira a benci suka ɓarke da tafi, har wani mai sanda ya miƙe tsaye.

"Baba, mun fasa," in ji 'yar. Har yau yana ɗinki.

Inna, ke ce mai hannun sanyi, wadda ba ta sallamar mutum da amsar kunya. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da za ku gaji teburinta, idan marar lafiya ya ce muku da sauƙi, ku ce ya miƙo hannu.