Tambayar da Yaya Mamman Ya Tafi da Ita

Shekara bakwai ke nan da motar katako ta murƙushe taksin yayana Mamman a unguwar PK8. Allah ya jiƙansa. A gidanmu na unguwar Lalala an daina ambaton sunansa sai ranar sadaka, shi ya sa na kawo shi jarida, ni da ko gaisuwa nauyi take yi mini.

Yana lise, wato sakandare, wata tambaya ta kama shi. Lamba idan aka ninka ta da kanta, kamar uku sau uku tara, ita ce murabba'i. Waɗansu lambobi ana samunsu ta haɗa murabba'i biyu: goma sha uku, huɗu ce da tara. Waɗansu kuwa, irin su bakwai, ko ka kwana kana juya su ba za su yarda ba. Yaya ya ƙirga masu yarda da alli a simintin ɗakinmu. Idan an ɗauki sifili ma a matsayin murabba'i, a goman farko guda bakwai ne, a ɗarin farko arba'in da uku kacal.

"Kana gani, Malam Shiru?" in ji shi. "Ana hawa suna raguwa. So nake in san inda abin zai tsaya."

Lokacin ne arzikin man fetur ya fashe a garin nan. Kowa na gini, kowa na neman mota. Baba, wanda ya zo daga Nijar da tiren goro, ya sayi taksi, ya ce ɗaya zai tuƙa, ɗaya ya yi karatu. Ruwa ake tara tun ana yinsa, in ji shi. Yaya bai yi musu ba. Ya ce shi ne babba, kuma ni ko kaza ba zan iya kauce wa a titi ba. Muka yi dariya, ya miƙa mini jakarsa ta makaranta.

Bara, a laburaren jami'a, na ci karo da amsar. Lambobin ba sa ƙarewa, amma rabonsu a cikin sauran yana ta tsukewa, a hankali ƙwarai, har ya kusa zama babu. An gano haka tun ba a haifi Baba ba. Sau nawa Yaya ya sauke fasinja a ƙofar ginin nan? An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma shi fartanyar aka karɓe masa.

Da zai leƙo yau, zai ga benaye a bakin teku da ba mu taɓa shiga ba. Zai ga ƙanensa da ya ba wa gurbinsa yana karanta hujjar sau da yawa, yana kwafe ta tsaf, bai gane tsakiyarta ba. Na tabbata shi da ya gane.

Inna na tuna dariyarsa, Baba na tuna ladabinsa. Tambayar ni kaɗai na riƙe, kuma ba riƙon kirki ba. Yanzu idon Baba ya raunana, direban hayar da ya ɗauka bayan an gyara taksin ya gudu, gida kuwa sai an ci. Makon jiya na karɓi permi, wato lasisin tuƙi. Da na nuna wa Inna, ta daɗe tana kallon hotona da ke jikinsa, sannan ta ce in riƙa bin hanyar bakin teku, kada in bi ta PK8.