Randar da Marka Ta Ɗauko a Kai

Taiba ita ce 'yar Marka ta uku, kuma tun tana ƙarama mutanen gida suka gaji da bakinta, don kome ta gani sai ta tambayi dalilinsa. Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori ruwa ya ci ƙauyensu na wajen Maradun, tana makarantar kwana. Da ta dawo hutu ta tarar da iyayenta a sabon matsuguni, ba gona, ba inuwa. Marka ta bar jakai sun kwashi kaya, amma randar da ta gada daga uwarta a kai ta ɗauko ta, tafiyar yini guda.

A daminar farko gudawa ta ɗauke Bawa, autan Marka, cikin kwana biyu. Kowa ya ce ruwan dam ne. Taiba ta yi kuka har ta gaji, sannan ta koma halinta na tambaya: mene ne cikin ruwan?

Tambayar nan ce ta kai ta jami'a a Zariya. Shekaru ta yi tana sunkuye kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, har ta gane yadda abin da ido ba ya gani ke manne wa bangon hanji, ya sa shi zubar da ruwa da gishirin jiki har yaro ya bushe. Da aka haɗa masu binciken gudawar yara zuwa yankin Talata Mafara, inda matsugunin iyayenta yake, ita kaɗai ce mace cikinsu.

Shugabansu, Malam Abdulmumini, mutum ne mai ƙwazo, Allah ya sani. Ya bi kanal, hanyar ruwan dam, daga Bakura har Morai yana cika kwalabe, ya sa aka gyara bakin rijiyoyi, ruwansu ya fito tas a gwaji. Yara kuwa ba su fasa ciwo ba. Abin da ya manta shi ne, shi da sauran mazan iyakarsu zaure. Ba wanda ya taɓa ganin inda ruwan ke zama bayan ya bar rijiya.

Taiba ta yafa mayafi, ta zuba kwalabe a jaka, ta shiga gida-gida. Sai an gaisa, an tambayi gajiya da gida da waɗanda aka baro, kafin ta roƙi ruwan sha ta zuba kaɗan a kwalba. Ta ga moɗa a ƙasa, yaro ya ɗauka ya cusa hannu cikin randa har gwiwar hannu. Gwaji ya nuna abin da take tsoro: ruwan ya shigo gida lafiya, a randa yake lalacewa. Kwalbar da ta fi muni kuwa ta gidansu ce, ga Gimbiya, ɗiyar yayanta Sallau, kwance da gudawa kwana na biyu.

Ta dama ruwan gishiri da sukari da tafasasshen ruwa, tana ba yarinyar cokali-cokali. Marka na kallonta.

"Mi kig gani cikin randata?" in ji Marka.

Taiba ta faɗa mata, ba ta rage kome ba. Tsohuwar ta juya ta dubi randar.

"Ashe da hannuna nib ba Bawa ciwon?"

Wannan tambayar ta fi wa Taiba duk na jami'a nauyi.

"Inna, wanga babu mai sani sai Allah. Amma Gimbiya ga ta nan, tana numfashi."

"In hwasa ta ke nan?"

"A'a. A wanke ta, a ruhe ta, hannu ya bar shiga."

Marka ta tashi ta tuntsurar da ruwan a tsakar gida. Ta goge randar da soso da toka, ta ƙona ta da ruwan zafi, ta rufe da faifai. Ta nemo ludayi mai doguwar mariƙa ta rataye shi a ƙusa, inda hannun yaro ba ya kai. A kwana na huɗu Gimbiya ta nemi kunu.

Taiba ta rubuta abin da ta gano, aka buga, masana suka karanta. Amma a unguwa Marka ce ta yi aikin. Duk gidan suna da biki sai ta leƙa randa, ta yi faɗa, ta bar musu ludayi, har mata suka laƙaba mata Likitar Randa.

Wata rana Taiba ta dawo daga Bakura da rana tsaka, ƙishirwa ta hana ta tunani. Ta ɗauki moɗa ta buɗe faifai. Kafin ta sunkuya ta ji an make mata hannu. Gimbiya ce, da ƙyar ta kai ƙugunta, ta haɗe rai.

"Inna ta hana," in ji ta, ta nuna mata ƙusa.