Baƙin Mai da Kanwa

Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai mahaifina ya kai tsohuwar akori-kurarsa kan ramin bakanike a Gumel. Da kansa yake shiga ramin, riƙe da gwangwanin baƙin mai da tsumma, ya bi ƙarƙashinta yana shafawa lungu-lungu. A cewarsa taɓon damina ne ke cin ƙarfe. Ko ni bai taɓa yarda na taya shi ba.

Bayan rasuwarsa na kai motar wajen mai walda. Ya ɗaga tabarmar robar da ke shimfiɗe a baya, sai ga mu muna hango ƙasa ta ramuka. Ya dangwali wani farin gari a gefe, ya ɗanɗana.

"Marigayi kanwa yake ɗaukowa?" in ji shi.

Ita ce kuwa. Kowace Alhamis, daga kasuwar Maigatari, buhu-buhu, wani lokaci a jiƙe.

Na leƙa ƙarƙashin. Duk inda mahaifina ya shafa yana nan baƙi ƙirin, babu tsatsa ko kaɗan. Ashe ta sama ta shigo, cikin kayan da ya ciyar da mu da su.